Tsakanin Tamowa da Teɓa: Maganar Ƙiba a Ƙasar Anka

Wanda ya san halin da ake ciki a Dareta ta ƙasar Anka da ƙauyukan da ke kewaye da ita zai iya cewa maganar rage ƙiba ba ta ma taso ba. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, abin da ke hana iyaye barci shi ne yaron da ya ƙanjame, da gonar da ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, da farashin tiyar gero. Duk gaskiya ne. Sai dai a gidan da ake jinyar yaro mai tamowa, ba wuya ka tarar da kaka mai hawan jini, ko gwaggo da nauyin jiki ya hana ta sallah a tsaye, ko maigidan da ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu da ba su haɗa hanya ba, ɗaya ta talaka, ɗaya ta mai hali. Abin da binciken likitoci ya nuna shi ne yunwar ƙuruciya ita ke share wa ciwon girma hanya, kuma a yankin nan akwai wani dalili na uku da ya sa lamarin ya fi tsanani.

Dalilin shi ne dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ƙananan yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Da aka bincika sai aka gano guba ce daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Jami'an hukumar CDC ta Amurka da suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma sun tarar cewa yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara aƙalla 400. An kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, Dareta na cikin na farko, ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare shi, kuma dubban yara sun sha maganin da ke fitar da gubar daga jini.

Amma dalma ba ta fita duka. Tana shiga ƙashi ta kwanta shekaru gommai, tana komawa jini kaɗan-kaɗan, musamman lokacin goyon ciki da shayarwa. Sanannen abu ne cewa tana raunana ƙoda, tana kuma ɗaga hawan jini. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, wasu har an fara yi musu maganar aure. Ƙodar da ta riga ta sha wuya tun tana ƙarama ba za ta jure abin da ta wani za ta jure ba. Ina ganin wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, wadda MSF ta miƙa wa aikin a 2022, ta riƙa kiran waɗannan matasa ana auna musu jini da ƙoda ko da sau ɗaya a shekara, tun kafin wani abu ya bayyana.

Batun yunwa kuwa, an daɗe ana bin sawunsa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci ga yammacin ƙasar Holan. Da aka auna samarin da iyayensu mata ke da ƙaramin cikinsu a lokacin, sai aka ga sun fi tsararrakinsu yawan ƙiba. Wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya nuna a shekarun 1980 cewa jariran da aka haifa ba su da nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya idan sun manyanta. Ba sai mun je nesa ba ma: wani bincike da aka wallafa a 2010 kan 'yan kasuwar Inugu ya gano cewa waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da hauhawar suga da ƙiba, bayan shekara arba'in. Bayanin da masana suka bayar shi ne, jikin da ya ginu cikin rashi yakan ginu da tattali: ƙananan gaɓoɓi, tsoka kaɗan, da ɗabi'ar adana duk abin da ya samu. Idan daga baya aka cika shi da mai da sukari, ya zama an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ƙididdigar lafiyar al'umma ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Wannan ƙididdigar ce kuma ta nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na da ƙiba mai cutarwa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990.

Abin da ya sauya a wajenmu kowa ya gan shi da idonsa. Manomin da ya saba wuni da fartanya, ya taka daga gona zuwa gida, yau ƙila yana zaune a Anka ko Gusau a matsayin ɗan gudun hijira, ba gona ba kiwo. Inda a da ake takawa, yanzu kabu-kabu ake hawa. Surfe da daka sun koma inji. Abinci mai arha da saurin dahuwa, wanda ba ya cin itace, shi ne taliya da farar shinkafa da mai da yaji, sai shayi mai kauri da burodi. A wuraren haƙar zinare, ranar da aka dace, lemon kwalba da soyayyen nama ne shaidar samu. Wannan ya sa ba na yarda da masu cewa duk mai ƙiba rago ne ko mai haɗama. Sau da yawa talauci ne ya zaɓa masa abin da zai ci, rashin tsaro kuma ya zaɓa masa inda zai zauna.

Akwai kuma abin da muka gada. A idon Bahaushe, jiki alamar hutu ne. Idan mace ta yi ƙiba a gidan miji sai a ce, “Kai, Hajiya, kin murje, lallai ana ji da ke.” Idan ta rame sai uwa ta ja ta ɗaki: “'Yar nan, gaya mini gaskiya, lafiya kuke zaune?” Namiji kuwa da ya ajiye tumbi an fara kiransa Alhaji ko bai je Makka ba. Ba mu kaɗai ba ne. Zabarmawa a Nijar da mutanen Kalaba da Larabawan Muritaniya duk suna da al'adar ciyar da mace har ta cika. Kuma wannan tunani yana da tushe: a ƙasar da fari ke zuwa ya tafi, mai ɗan jiki shi ke kai labari. Matsalar ita ce zamanin ya juya, tunanin bai juya ba, har ya kai ana sayen ƙiba a kemis.

A nan ne nake son mu daɗe, domin a ganina wannan ya fi komai gaggawa ga 'yan matanmu. Ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe” galibi iri biyu ne. Akwai maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Akwai kuma deksametason da danginsa, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa na ɗan lokaci don asma ko kumburi mai tsanani. Wanda ya daɗe yana shan wannan na biyu, fuskarsa za ta yi zagaye ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da cinyoyi kuwa su sirance domin tsoka ce ke narkewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage, jiki ya riƙe ruwa da gishiri, jini ya hau, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Abin da ƙawaye ke yabawa a matsayin cikar amarya, likita ciwo yake gani. A tuna kuma wace ce amaryar: mai yiwuwa yarinyar da ta sha ƙurar dalma tana goye, wadda ba da jimawa ba za ta ɗauki ciki. Hawan jini ga mai ciki shi ke kaiwa ga jijjigar haihuwa, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Arewa. Wadda ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke dare ɗaya, domin jiki ya daina samar da nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya sa ta faɗi. Ta je asibiti da kwalin maganin a hannunta a tsara mata yadda za ta rage shi a hankali.

To mene ne ainihin illar ƙiba? Kitse ba duka ɗaya ba ne. Wanda ke ƙarƙashin fata a cinya da ƙugu da sauƙi. Mai haɗarin shi ne teɓa, kitsen da ke naɗe hanji ya kwanta a hanta. Shi ne ke hana jiki jin umarnin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, har gaɓar da ke samar da shi ta gaji, ciwon suga ya kama. Daga nan sai ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Zuciya kuma tana ƙara wahala wajen harba jini, jinin ya hau, wata rana a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, a ce iska ce ko jifa. Gwiwa na ɗaukar kusan ninki huɗu na kowane kilo da aka ƙara a duk taku. Mai yawan minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wuni yana gyangyaɗi, sau da yawa kitsen wuya ne. Ga mata, ƙiba na rikita al'ada, ta jinkirta samun ciki, ta ƙara yiwuwar haihuwa ta tiyata. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta danganta ta da nau'in daji 13, ciki har da na mahaifa da na hanji da na nono bayan ɗaukewar al'ada.

A asibiti ana auna nauyi a kilo, a raba da tsayi a mita sau kansa. Idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, 30 ƙiba ce mai cutarwa, ƙasa da 18.5 kuma rama ce. Mace mai tsayin mita 1.6, misali, ta shiga mataki na farko a kilo 64, na biyu a kilo 77. Wannan awo ba ya bambance tsoka da kitse, kuma ba kowane gida ke da sikeli ba. Akwai hanya mafi sauƙi da na fi so: a sami igiya a auna tsayin mutum daga ƙafa zuwa kai, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, da sauƙi. Idan bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa, ko da mutum siriri ne a hannu da ƙafa.

Labari mai daɗi shi ne ba sai mutum ya koma jikinsa na samartaka ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara ga mai kilo 90, ya isa ya sauko da jini da suga. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwaya. Wani kuma a Birtaniya a 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon suga na 'yan shekaru da suka rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Saurin da ake so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wanda ya wuce haka tsoka yake zubarwa, yana kuma jawo wa kansa tsakuwa a maɗaciya.

Abincin da zai yi wannan aiki yana rumbunmu. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba suna da dusar da ke riƙe ciki, ta hana suga hawa da sauri. Wake, ɗanwake, awara, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, dambu, fate mai ganye, hoce, miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, duk sun fi taliya da burodi. Gyaran da ake bukata a malmala ne: a rage girman tuwo, a yawaita miya da ganye. Sai a sa ido kan abu biyu da ke shiga ba a lura ba. Na farko mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu na ɗauke da kalori kusan 120, kuma mu da ludayi muke zubawa. Na biyu sukarin da ake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, gara ma ya tsaya a shida. Robar lemo mai rabin lita kaɗai na iya cinye wannan kaso duka, ba a lissafa na shayi da koko da fura ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Gwamnatin Tarayya ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sa kowa ya fasa saye ba. Gishiri kuma kada ya wuce giram biyar a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kumburin zuciya ga masu jego.

Tukunya ɗaya ce a gida, bukatu kuwa daban-daban. Yaron da bai kai shekara biyu ba, da mai ciki, da mai shayarwa, su ya kamata a ba ƙwai da gyaɗa da nono da tsokar nama da ɗigon mai a kunu. Mu kuwa a al'ada kwanon maigida ake fara cikawa da waɗannan. Da za a juya rabon, an yi maganin ciwo biyu da cefane ɗaya. Mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa ba sa shiga shirin rage nauyi sai da umarnin likita.

Motsa jiki kuwa, minti 30 a rana sau biyar a mako, tafiya mai ɗan sauri har numfashi ya ƙaru. Na san a wurare da yawa fita bayan gari ba ta yiwuwa yanzu. Amma ana iya takawa zuwa masallaci da kasuwa a bar babur. Mace da ke cikin gida tana da shara da daka da jan ruwa da zagayen tsakar gida bayan cin abinci, kuma idan maigida ya fahimci lafiyar uwar 'ya'yansa ake nema, zuwa islamiyya ko barka a ƙafa tare da maƙwabta ba abin hanawa ba ne. Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa a kasa ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi rabonsu. Azumin nafila ma yana taimakawa idan ba a rama da soye-soye a buɗa-baki ba. Mai shan maganin suga dai ya fara tuntuɓar likita.

Gajerun hanyoyi suna da yawa, kuma yawancinsu ramuka ne. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok galibi maganin gudawa ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwa ake zubarwa, ƙoda ke biyan kuɗin. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe da dama da sibutaramin a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Sababbin allurai irin su Ozempic da Wegovy suna aiki da gaske, suna rage kusan kashi 15 na nauyi, amma suna da tsada, akasarin nauyin na dawowa idan an daina, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu. Horon kai da yunwa ma ba mafita ba ne: jiki na rage ƙona abinci, yunwa ta ƙaru, nauyin ya dawo da riba. A garuruwan da ake sarrafa dutsen zinare akwai ƙarin haɗari, domin hanji ya fi tsotse dalma ninki-ninki idan ciki ba komai, haka ma idan jiki na da ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini da na ƙashi. Mai aiki a wurin niƙa ya ci abinci kafin ya fita, ya wanke hannu, ya sauya tufafi kafin ya shiga gida.

Ramar da ta zo da kanta, ba a rage ci ba, ba a ƙara aiki ba, ba abin murna ba ce. Idan tana tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, a auna suga. Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Idan tana tare da tari na fiye da mako biyu da zufar dare, a kai majina a duba tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan da gudawa mai daɗewa, ko kasala, ko wani ƙullutu a jiki, a nemi gwajin ƙanjamau da sauran bincike a babban asibitin Anka ko na Gummi, in ta kama a tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.